Baba Mele, Mai Tsayar da Tifa da Eriya

Kullum kafin masu shayi su gama hura wuta, Baba Mele ya buɗe shagonsa da ke bakin titin Daura a nan Kazaure. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Zai share, ya yayyafa ruwa, ya goge tabaransa da gefen riga, sannan ya kunna wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin markaɗe. Yana jiran ta farka, yana shan kununsa. In ta farka, ba labarai yake fara dubawa ba, ba ƙwallo ba. Saƙonnin wasu mutane yake karantawa waɗanda bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Wani lokaci ya yi tsaki, wani lokaci ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, yaro," alhali bai sani ba ko yaron ya girme shi.

A bangon shagon akwai ƙusoshi, kowace ƙusa da abin da ke reto a jikinta, kamar an shanya barkono. Wasu 'yan na'urori ne masu kama da filashin zuba waƙoƙi, sai dai sun ɗan fi kauri, kuma suna da bakin da ake haɗawa da eriya. Ka soka ɗaya a jikin kwamfuta, ka ɗaura eriya a kan gora, sai kwamfutar ta koma talabijin, ta kamo tashoshin da ke yawo a iska kyauta. Ba kati, ba data. Ga mai tsohuwar laftof da ɗan faifan sola, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Mu a unguwa ɗan yatsa muke ce masa.

Sunana Zulaiha, awara nake soyawa da la'asar a zauren gidanmu, 'ya'yana biyu. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne, makon jiya matarsa Amarya, wadda ta aurar da jikoki amma har yau sunan bai sake ta ba, ta ɗauki tsaninsa ta kyautar wa masu gyaran masallaci. Ta ce ƙugun mijinta ya gama hawa rufin mutane, babur ma ya gama zuwa ƙauye, duk mai son eriya ya hau da ƙafarsa. Haka Baba Mele ya yi ritaya: ba walima, ba jawabi, ba agogon bango. To, ni ba ni da agogon da zan ba shi. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

'Yata sunanta Saude. 'Yar fari ce, na sani, kuma goggonnina sun yi mini magana a kan kiran sunanta gatsau. Amma ranar da yarinya ta nufi titi a guje, uwa ba ta da lokacin alkunya.

Gidanmu yana wannan gefen titi, gidan maƙwabciyarmu Rahamatu yana tsallake. Rahamatu tana da ɗan yatsa, Baba Mele ne ya haɗa mata tun da daɗewa. Da la'asar ake sa shirin yara da Saude take tsallakawa kallo, kuma da la'asar mai yake kan wuta a gabana. Na kulle ƙofa, Saude ta bi ta dangar maƙwabta. Na ɓoye takalmanta, ta tafi da nawa. Na yi mata tatsuniyar abin da ke cin yara a titi, ta ce tana so ta gan shi. Sai ranar da na ji ƙarar burkin tifa da ihun masu faci. Ban san yadda na tsallake kaskon ba. Na same ta tsaye a tsakiyar kwalta, ƙafa ɗaya ba takalmi, direban ya leƙo yana salati da murya kamar ta mace. Ban doke ta ba. Sunkutar ta na yi na dawo gida.

A ranar na ce wa Baban Saude, ko dai talabijin ta shigo gidan nan, ko ni in ɗebi 'ya'yana in koma Roni inda babban abin da ke wucewa jaki ne. Shi yana harkar kasuwa a Babura, sai ya ɗauki hoton ɗan yatsan Rahamatu a waya, ya je ya samo irinsa sak wajen wani ɗan Nijar. Kala ɗaya, kwali ɗaya, har hoton Baturen da ke murmushi a jikin kwalin ɗaya. Muka zaro laftof ɗin da na yi karatu da ita, muka kafa gora, muka soka. Shiru. Muka hura masa iska, muka juya shi, Baban Saude ya yi masa tofi. Shiru.

Washegari na goya ƙaninta Mu'azzam na nufi shagon Baba Mele. Ya karɓa, ya jujjuya, ya sa reza ya ɓare shi kamar gyaɗa, ya kara tabarau.

"Riga ɗaya, mutum daban," ya ce. "'Yata, kin san gandu?"

"Baba, a Roni fa aka haife ni."

"Madalla, kin rage mini aiki. Su 'yan yatsun nan iri-iri ne, kowane kamfani da nasa. Kwamfuta ba ta jin yarensu sai da tafinta, shi ne muke ce wa direba. Da can kowanne sai an rubuta masa nasa tun daga tushe. Sai wasu masu hankali suka ga aiki ɗaya ake ta maimaitawa: a gaisa da na'ura, a tashe ta, a kwaso hoto, a saurari rimot. Suka ce a yi gandu ɗaya kowa ya ci daga ciki. Kowace na'ura kuma a yanka mata 'yar gayauna, a rubuta abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta, shi ke nan."

"Su wa ke noma gandun?"

"'Yan gayya. Wani yana can inda ƙanƙara ke zuba, wani ɗalibi ne, wani an ce mini likitan haƙori ne. Ko fura ba a dama musu. Ni nawa aikin, duk sabon ɗan yatsan da ya shigo ƙasar nan in buɗe cikinsa, in gaya musu abin da na gani, mu gyara tare."

Ya ce matsalar nawa ita ce, masu ƙera shi sun sauya kayan ciki amma sun bar masa lambar tsohon. Idan ya yi sallama, kwamfuta sai ta ɗauka yayansa ne, ta kai shi gayaunar da ba tasa ba, ta yi ta yi masa magana da yaren da bai iya ba.

"To a gyara mana, Baba."

"Hanya biyu ce. Gajeriya, in goge bayanin tsohon in rubuta na sabon a gurbinsa. Amma duk kwamfutar da na haɗa, daga nan har Gwiwa, rijiya ɗaya suke sha. Ranar da suka sabunta direba, duk mai tsohon ɗan yatsa ya shiga duhu."

"Har na Rahamatu?"

"Nata ne ma zai fara mutuwa."

"Alhamdu lillahi! Baba, yi wannan ɗin. Nawa ya kama, nata ya mutu, me Saude za ta je nema a tsallake?"

Ya sauke tabarau ya dube ni, ba faɗa, ba dariya.

"Sai 'ya'yan Rahamatu su riƙa tsallakowa gidanki. Titin dai shi ne titin, 'yata."

Ni dai har yau ina ganin dabarata ba ta rasa hikima ba, amma 'ya'yan Rahamatu uku ne, ƙaramar ba ta kai Saude ba.

Doguwar hanyar ita ce a koya wa kwamfuta ta ƙara tambaya ɗaya kafin ta yanke hukunci, ta leƙa ciki ta ga wane ne a rigar. Wannan sai da 'yan gayya, kuma sai ɗan yatsana ya zauna a shago, don shi ne zakaran gwajin dafi.

"Saude fa?" na ce. "Ita ba ta san gayya ba. La'asar ta sani."

"Saude ki bar mini ita."

Abin da ya biyo baya ba ni kaɗai na gani ba. Ku tambayi masu faci, ku tambayi 'yan acaban kwanar. Ana sallame la'asar, Baba Mele zai ja ƙofar shago, ya saɓa wata karyayyar eriya mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi, ya zo ƙofar gidana ya yi sallama: "Ina Hajiya? Mota ta iso." Ya kama hannun Saude zai kai ta gidan Rahamatu, ya taka bakin kwalta, ya ɗaga eriya sama. Wallahi motoci tsayawa suke yi. Wasu sun ɗauka ma'aikaci ne da sabuwar na'urar kama gudu, har suna gyara bel. Wasu sun ɗauka taɓaɓɓe ne, kuma kowa ya san ba a jayayya da taɓaɓɓe a titi. Wani direban tifa mai suna Daudu ya sauko zai yi masifa.

"Dattijo, wa ya ba ka ikon tsare hanya?"

"Wannan," in ji Baba Mele, ya nuna Saude. "Rediyon motarka kuma shi ke shi-shi-shi tun daga gada? Wayar eriyarsa ce ta saki. In ka juyo ka tsaya."

Daudu ya juyo ya tsaya. Daga ranar, tun daga nesa yake rage gudu yana danna hon na gaisuwa. Kafin a jima yaran layinmu duka sun gane, suka riƙa jeruwa a bayansa kamar 'ya'yan agwagwa. Kafin magariba ya koma ya kwaso su.

Baba, kai ne ka ɗauki 'yar da ba jikarka ba ka mai da ita alkawari. Kai ne ka rufe shago a lokacin da ciniki ya fi zuwa, ba rana ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ban taɓa jin ka yi wa kowa gori ba.

Su kuma 'yan gayya suna da babba, wanda komai sai ya bi ta hannunsa kafin ya shiga gandu. Baba Mele Sarkin Noma yake ce masa. Mutumin nan ya iya dawo da aiki! A aika, ya ce a gyara nan. A gyara, ya ce to an gwada da tsofaffin? A ce an gwada da na shago, ya ce na hannun mutane fa? Rannan na ƙule.

"Baba, ba ni lambarsa. Ni zan yi masa magana, uwa da uba."

"Ba ni da lambarsa. Ban ma san ko mace ce ba."

"Shekara da shekaru kuna aiki tare ba ka san ko mace ce ba? To rubuta masa. Ka ce Zulaiha ta ce ko yana da 'ya'ya? Ka ce ko ya taɓa ganin tifa? Ka ce in bai ji tsoron Allah ba ya ji tsoron hakkin yara."

Na yi magana mai tsawo. Baba Mele ya rubuta layi biyu. Na ce ya karanta mini, ya ce, "Na ce mai na'urar tana gaisuwa, kuma tana ɗokin ganin an gama."

Saboda gwajin nan ne ya riƙa bin garuruwa da safe a kan babur, da gyaran a filashi cikin aljihu, yana roƙon mutane su bari ya gwada a nasu. Mutane kuwa ba sa son a taɓa abin da ke aiki. Lado mai shayi a Gwiwa shi ya ba ni labari da bakinsa: shi ya ce wa Baba ba mai taɓa kwamfutarsa sai an gama maimaicin ƙwallo. Baba Mele ya zauna, kofi bayan kofi, har aka tashi, ya gwada, ya yi godiya kamar shi aka yi wa alheri. A Roni ya je gidan goggona Halima Sa'adiyya, ya tarar ta ɗinke nata cikin fata kamar laya, saboda ta ji yana zafi ta ɗauka zazzaɓi ne ko baki. Ya lallashe ta ya farke, ya ce abin iska yake so ba tsari ba. Ta yarda, amma sai da ya bar mata zaren ta ɗaura a jikin gora. A Babura kuwa ya sami ɗan Nijar ɗin nan, wanda ya rantse kayansa duka iri ɗaya ne. Baba Mele ya ɓare biyu a gabansa. Mutumin ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce, "To, Malam, Hassan da Usaini ma ai kowa da halinsa."

Duk inda ya je, la'asar a Kazaure take yi masa. Ranar da tayarsa ta fashe a hanyar Gwiwa, ya bar babur wajen mai faci ya hau bayan motar awaki. Ya iso ƙofar gidana da gashin akuya har a gemu, yana wari, yana cewa, "Ina Hajiya?" Amarya ta ce ranar sai da ta jiƙa rigar da toka.

Sai ga ranar da muke jira. Ya aiko in zo. Ya soka ɗan yatsana, kwamfuta ta ɗan yi tunani, sai ga wata mata tana koyar da dafa miyar kuka, tas kamar a taɓa ta. Na yi guɗa a shagon mutane. Ina cikin guɗar, Mu'azzam da ke kan cinyata ya miƙa hannu ya zare ɗan yatsan ya kai baki.

Kwamfuta ta sandare. Matar ta tsaya da ludayi a sama. Ba maɓallin da ke motsi.

Ni na ƙwace abin daga bakin yaro ina duba ko ya haɗiyi wani abu. Baba Mele kuwa idonsa ya yi haske. Ya kashe, ya kunna, ya ciro wani tsohon ɗan yatsa daga ƙusa, ya soka, ya bari hoto ya zo, ya fizge. Ta sandare. Ya gwada wani. Ta sandare.

"Allahu akbar," ya ce. "Wannan ba a gayaunarki yake ba. Ɓera ne a rumbun gandu. Duk duniya, wanda ya zare yana cikin kallo, haka za ta yi masa."

"To wane mai hankali ne zai zare abu yana cikin aiki?"

Ya dubi Mu'azzam. Mu'azzam ya yi masa dariya da haƙori biyu.

"Baba, don Allah rufa mana asiri," na ce. "Kar ka gaya wa Sarkin Noma. Ka san halinsa, zai sake dawo da mu baya. Zan riƙa ɗaure hannun yaron a zani."

"Naki za ki ɗaure. Na sauran matan duniya fa?"

Ya gaya masa. Aka koma baya, kamar yadda na faɗa. Eriya ta ci gaba da tsayar da motoci, ni kuma na ci gaba da gaishe shi a daƙile, ina aika masa awara don kada ya ce fushi nake. Da amsa ta zo, Baba Mele ya karanta mini yana dariya har da tari. Sarkin Noma ya ce an daɗe ana kawo masa ƙorafin sandarewar nan ba wanda ya gane sanadin, domin manya in sun zare ba sa faɗa. Ya ce a gaishe da babban mai gwaji. Babban mai gwaji a lokacin yana tsotsar murfin biro.

Aka toshe ramin ɓera, aka karɓi gyaran ɗan yatsana, duka suka shiga gandu. Na ɗauko kayana na dawo gida. Nawa ya kama. Na Rahamatu bai ko yi tari ba, ita ba ta ma san an yi wani yaƙi a kanta ba sai in ta karanta wannan. Matan layinmu suka aika Babura aka sayo musu irin nawa, suka sabunta, suka soka, ya kama da kansa ba wanda ya ɓare komai. Layin agwagwa ya riƙa raguwa, yau a rasa biyu, gobe a rasa uku, har ranar da Baba Mele ya zo da eriyarsa ya tarar ba fasinja. Ya tsaya jim, ya tsallaka shi kaɗai, ya dawo. Daudu ya tsaya masa duk da haka.

Kada a ce na ɓoye gaskiya, sabuwar matsala ta fito: yanzu Saude ba ta son tashi ta tafi Islamiyya. Na kai masa ƙara, ya ce wannan kam gayaunata ce, in nome abata.

Baba Mele, gora mai kamo na nesa. Kai ne ka ƙi kashe fitilar wani don tawa ta haska, ko da na roƙe ka da hawaye da awara. Kai ne ka yi wa mutanen da ba ka sani ba aiki, tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba, kuma in sunanka yana wani wuri a cikin gandun nan, ba wanda zai iya karanta shi a unguwarmu. Na gode. Baban Saude ya gode. Rahamatu ma za ta gode in ta huce. Allah Ya ba ƙugunka lafiya, Ya saka wa Amarya da haƙurinta, Ya tsallakar da kai inda ya fi titin Daura wuyar tsallakawa.

Ku kuma samari da 'yan mata masu karatun kwamfuta, da kuke wucewa ta gaban shagonsa da jaka a baya, ku shiga ku zauna. Yana nan kullum, bakinsa bai yi ritaya ba, kuma sababbin 'yan yatsu ba su daina shigowa ba. Wani ya karɓi rezar nan. Masu ɗan yatsa a gida, in an zo aron naku don gwaji, ku bayar, ba cinye shi za a yi ba. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ya iya kama hannun yaro a bakin titi.

Saude tana ɗaki. Ina jin dariyarta daga nan, man kuma ya yi zafi. Bari in tashi.